Ƙafa nawa ne daga nan zuwa can? Fashin baƙi kan awon nisa da GPS da malejin mota

Kamaru da Chadi ƙasashen mita ne. Takardar fili da mita ake rubuta ta, duwatsun gefen titi kilomita suke ƙirgawa, ɗan makaranta ma da mita ya tashi. Amma zauna da 'yan katako a Garwa ko Marwa, ko da dillalan filaye a Kusiri, za ka ji ƙafa da inci suna ta yawo a bakin mutane. Dalilin a fili yake. Kaya da yawa daga Mubi da Yola da Maiduguri suke shigowa, magina da masu haƙar burtsatse da dama can suka koyi aiki, kwantenar da ake saukewa a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere kuwa duk duniya da ƙafa 20 ko ƙafa 40 aka san ta. Wanda ya saba da fuloti hamsin da ɗari ba ya daina lissafi da shi don ya tsallako iyaka.

Muddin abin aunawar gajere ne, tef ya wadatar. Rigima tana farawa idan nisan ya fi ƙarfin tef: bututun ruwa daga bakin Binuwai zuwa gonar albasa, wayar shinge, hanyar da za a zuba wa tsakuwa, kebul ɗin wuta zuwa sabuwar unguwa. A nan ne mutum ke ciro waya ko ƙaramar na'urar GPS ta kamfanin Garmin, ko ya mayar da malejin mota sifili ya tuƙa. Allo ya nuna masa ƙafa 4,265, shi kuma ya kwafe ta haka a takarda, har da biyar ɗin ƙarshe. Wannan lambar ba ta kai yadda take nuna kanta ba. Kuma na'urorin biyu ba iri ɗaya suke kuskure ba: na GPS kusan ƙayyadadde ne a duk inda aka tsaya, bai damu da tsawon tafiya ba, na mota kuwa tare da tafiyar yake girma. Daga wannan bambancin duk sauran bayanin ya fito.

A fara daidaita ma'aunin kansa tukuna. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce cif, haka Amurka da Ingila da wasu ƙasashe masu amfani da Ingilishi suka amince a 1959. Ke nan mita ɗaya ƙafa 3.28 ce da 'yan kai, kilomita ƙafa 3,281, mil kuma ƙafa 5,280 ko mita 1,609. Lissafin kasuwa na "mita ɗaya ƙafa uku" shi ne ɓarawon farko. A tsawon ɗaki ba a ganin ɓarnarsa, amma a kilomita guda yana cinye ƙafa 281, kusan mita 86. Haka ma fuloti. Hamsin da ɗari na ƙafa mita 15.24 ne da 30.48, wato murabba'in mita 464 da rabi. In aka taƙaita maka shi zuwa "sha biyar da talatin" ya koma 450, abin da ya zube a tsakani kuwa ya isa a gina ɗaki. Su kansu Amurkawa sun daɗe da ƙafa iri biyu, ta kowa da kowa da ta ma'aikatan safiyo wadda ta ɗara da kashi 2 cikin miliyan, sai a ƙarshen 2022 suka ajiye ta biyun. Milimita 2 ke nan a kilomita. A gona abin dariya ne, amma a tsawon bututun man da ya tashi daga Doba zuwa Kiribi, kilomita 1,070, ya haura mita 2.

GPS ba ya auna nisa tsakanin wuri da wuri. Inda kake tsaye yake nemowa, nisa kuwa lissafi ne da ake yi daga baya. Taurarin ɗan'adam kusan 30 na Amurka suna kewaya duniya a tsayin kilomita 20,200, kowanne sau biyu a kwana guda, kowanne ɗauke da agogon atom yana ta shelar lokaci da inda yake. Na'urar hannunka saurare kawai take yi. Tana duba daɗewar da saƙon kowane tauraro ya yi a hanya, ta ninka da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, ta san tazararta da shi. In ta samu huɗu ko fiye, ta fitar da wurinta. A irin wannan gudu, kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ƙafa guda ne a ƙasa. Abin mamaki ba shi ne na'urar tana kuskure ba, a'a, yadda take kusantar gaskiya haka da agogon da bai fi na hannu daraja ba. Har zuwa watan Mayu na 2000 ma gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata siginar farar hula, kuskure ya kai mita 100, sai da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Yau ita gwamnatin da kanta tana cewa wayar hannu a fili, ba abin da ya tare sama, takan faɗi daidai a cikin da'irar mita 4.9, wato ƙafa 16. Wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, wanda ke ƙara yawan taurarin da ake ji, amma bai mayar da mita ta zama santimita ba.

Wurin da na'urar ke nunawa kamar akuya ce ɗaure a turke. Turken shi ne ainihin inda kake, ita kuma tana ta zagaye da igiya mai tsawon mita uku zuwa biyar, yanzu gabas, anjima kudu, wani lokaci ta fizgi igiyar ta ɗan wuce. Kowa na iya ganin haka da idonsa. Ɗora na'urar a kan bulo a tsakar gida, mayar da ma'aunin tafiya sifili, tafi sallar la'asar ka dawo. A na'urori da yawa za ka tarar taswira ta cika da ƙudundunannen zane a wuri guda, ma'auni kuma yana cewa an yi tafiyar mitoci, alhali bulon bai motsa ba. Lambar nan da ke gefen allo mai cewa ƙari ko ragin mita 3, ita ma ƙiyasi ce. A wayoyin Android ma'anarta ita ce sau biyu cikin uku gaskiya tana cikin da'irar, na ukun kuwa tana waje.

Abubuwan da ke ƙara wa kuskuren tsawo sanannu ne a garuruwanmu. Rufin kwano da doguwar katanga suna mayar da sigina, ta iso wa na'ura ta kewaye, ita kuma ta ɗauka hanyar ce ta yi tsawo. Inuwar darbejiya da maɗaci da ta lulluɓe titunan Marwa tana raunana ta. A tsakanin duwatsun Mandara rabin sama ne kawai ake gani, taurarin da suka rage duk a ɓangare ɗaya suke, lissafi sai ya karkace. Akwai kuma wanda ba a gani: wani sashe na sararin sama, ɗaruruwan kilomitoci a bisa kanmu, inda hasken rana ke caza iska, yana jinkirta sigina. A yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya irin namu wannan sashe yakan hargitse bayan faɗuwar rana, don haka awon safiya ya fi na bayan magariba natsuwa. Hazo da gajimare kuwa, duk da yadda ake ɗora musu laifi, ba su da wani tasirin kirki. Kuma GPS ba ya cin data, taswira ce ke ci. Abin tsoro shi ne wayar da ba ta kama taurari ba tukuna, ta ƙiyasta wuri daga eriyar kamfanin waya, ta jefa ka ɗaruruwan mitoci gefe. Shuɗiyar da'irar da ke kan taswira in ta yi faɗi, a dakata ta tsuke.

Hanya biyu ce ake fitar da nisa daga GPS, mutane kuma sukan cakuɗa su.

Ta farko, ka tsaya a mafari ka adana wurin, ka je maƙura ka adana, na'ura ta ba ka miƙaƙƙen nisan da ke tsakani. Kuskure biyu ne kawai a nan, na wannan bakin da na wancan, a haɗe a ce mita 5 zuwa 7. Ko nisan mita 30 ne ko kilomita 30, kuskuren shi ne dai wannan. A kilomita guda bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kilomita 10 bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba, tef ɗin da mutum biyu ke ja a rana suna ƙirga sawu da baki ba zai yi wannan ba. Amma a juya lissafin. A faɗin fuloti mai ƙafa 50, kuskuren mita 3 ƙafa 10 ne, kashi ɗaya cikin biyar na filin.

Wannan ya sa hankalina ba ya kwanciya da yayin da ya shigo cinikin filaye a bayan gari. Dillali ya sauka daga babur, ya ɗaga waya sama, ya taka kusurwa huɗu yana dannawa, ya juyo da allo wajen mai saye: "Alhaji, wannan ba awon mutum ba ne, tauraron ɗan'adam ne ya auna." Ba lallai ne yana da niyyar cuta ba, shi ma ya yarda da abin. Amsar da ta dace ba gardama ba ce, a ce masa, "To Malam, don Allah mu sake zagayawa sau ɗaya." Lamba ta biyu ba za ta yi daidai da ta farko ba, daga nan kowa ya gane tef ɗin mita 50 da ke ƙarƙashin kujerar babur ɗin shi ne gwanin wannan aiki. Gona kuwa wani zance ne. Manoman auduga da ke hulɗa da kamfanin Sodecoton da kar suke lissafi, rubu'in hekta, mita 50 kowane gefe, ƙafa 164 ke nan. A kar guda GPS na hannu yana ba da dama-dama, a hekta biyar ko goma kuwa ya yi kyau sosai. Binciken da Bankin Duniya ya yi a Najeriya da Habasha da Zanzibar, inda aka gwama shi da tsohon awon kamfas da igiya, ya nuna ya wadatar a awon gonaki, ya kuma fi ƙiyasin da manomi ke yi da baki nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu ita ce bin sawu: ka kunna ma'aunin tafiya, ka bi hanya, na'ura tana ɗiga wuri kowace daƙiƙa tana haɗa 'yan gajerun layukan. A nan kuskure taruwa yake yi, kuma ɓangare ɗaya yake taruwa, domin duk kaucewar da ɗigo ya yi, dama ko hagu, tsawo yake ƙarawa, babu mai ragewa. Masu bincike a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya sun nuna haka da lissafi da gwaji a 2015. Abin da mutane ba sa zato shi ne mai tafiya a ƙasa ya fi mai mota shan wannan. A ɗauki misali na lissafi kawai: a ce kowane ɗigo ya kauce rabin mita gefe. Mai tafiya yana cin mita 1.3 a daƙiƙa, wannan kaucewa za ta ƙara masa kashi 7 cikin 100, mita 70 a kilomita. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa, kaucewar nan ba za ta ƙara mata ko rabin mita a kilomita ba. Na'urorin zamani suna da dabarun goge wannan karkarwa, saboda haka a aikace abin bai kai haka muni ba, amma ƙa'idar tana nan. Mai aunawa a hankali, yana tsayawa gaisuwa, yana juya wayar daga hannu zuwa aljihu, shi ne ya fi samun lambar da ta kumbura. A gefe guda, in an saita na'ura tana ɗiga wuri jefi-jefi don tattalin batir, sai ta riƙa yanke kwana, nisan hanya mai lanƙwasa ya fito a gajarce.

Saboda haka ga mai shimfiɗa bututu ko jan waya, abin da ya fi shi ne ya raba hanyar gida-gida. A kowace babbar kwana ya tsaya, ya riƙe na'urar a sarari nesa da jikinsa na 'yan mintuna, ya adana wurin, sannan ya haɗa miƙaƙƙun layukan. Garmin irin eTrex da GPSMAP suna da wurin ɗaukar matsakaicin karatu da yawa a wuri guda. Mai son ƙarin tabbaci ya dawo ya sake, amma ba a irin lokacin ba. Taurarin GPS suna komawa kusan tsari ɗaya a sama duk bayan awa 23 da minti 56, wanda ya auna da hantsi ya dawo gobe da hantsi ya maimaita wani ɓangare na kuskurensa ne. Ya auna da hantsi, ya dawo da azahar.

Akwai wani tarko a allon da ya shafi masu son ƙafa kai tsaye. In ka saita Garmin a ma'aunin Amurka, yawancinsu suna nuna ƙafa ne har zuwa 528, wato kashi ɗaya cikin goma na mil, daga nan su koma mil da ɗigo. Lambar ƙarshe a "0.81" tana tsalle ne da kusan ƙafa 53 kowane mataki. A ma'aunin mita kuwa yana ƙirga mita ɗaya-ɗaya har 1,000. Ke nan mai neman ƙafa ya fi samun tsabtataccen awo in ya bar na'urar a mita, ya ninka da 3.281 sau ɗaya a ƙarshe. In nisan ya wuce kilomita, sai a koma tsarin lambobin wuri na UTM, wanda ke ba da gabas da arewa duk a mita. A ɗebe gabas daga gabas, arewa daga arewa. In bambancin gabas 1,200 ne na arewa 500, a ninka kowanne da kansa, a haɗa, a danna alamar √ a kalkuleta, a samu mita 1,300. Ƙafa 4,265 ke nan a takarda, a gaskiya kuma wani abu tsakanin 4,245 da 4,285. Mai hankali ya rubuta "kimanin 4,270" ya huta.

Tun da an taɓo UTM, ga wani abu da ya shafe mu musamman: tsarin ya raba duniya ne shiyya-shiyya. Ngaundere da Garwa da Marwa da Injamena da Mundu duk suna shiyya ta 33, wadda ta kama daga digiri 12 zuwa 18 gabas, Abeche da Sar kuma suna ta 34. Ba a ɗebe lambar wata shiyya daga ta wata. Layin tsakiyar shiyya ta 33, digiri 15, ta gefen Kusiri da Injamena ya wuce. Da yake ƙasa a dunƙule take, taswira kuma a shimfiɗe, an tsara UTM ya rage nisa da kashi 4 cikin 10,000 a kan wannan layi. A Kusiri, kilomitar ƙasa tana fitowa a lissafin UTM da ragin santimita 40, ƙafa ɗaya da 'yan inci. A Garwa, da ke kusan kilomita 175 yamma da layin, ragin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Mai GPS na hannu ba ruwansa da wannan, kuskurensa ya haɗiye shi. Injiniyan titi da ma'aikacin safiyo kuwa dole su saka shi a lissafi.

Malejin mota bai san taurari ba, juyin taya yake ƙirgawa. Tayar ƙaramar mota mai lamba 195/65 R15 tana cin kusan mita 2 a kowane juyi, juyi 500 ke nan a kilomita, kuma kamfani ya saita malejin ne a kan tayar da motar ta fito da ita. Duk abin da ya sauya kewayen taya ya sauya awo. Sabuwar taya tana da zane mai zurfin kimanin milimita 8. In ta suɗe saura milimita 1.6, kewayenta ya ragu da kashi 2 cikin 100, tana juyi fiye da da, maleji ya ƙara wa tafiya tsawo. In kuma aka sa wa motar 195 a madadin 185 da ta zo da ita, don ita ce aka samu a kasuwa, an ƙara kewaye da kashi 2, maleji ya riƙa rage nisa. Lodi da ƙarancin iska suna da nasu ɗan rabo. A yashi, inda direbobin arewacin Injamena ke sassauta iskar taya, ko a taɓon damina a bakin Logon, taya tana juyawa mota ba ta ci gaba daidai da juyin ba, maleji kuwa duk yana rubutawa. Kashi 2 cikin 100 mita 20 ne a kilomita, mita 200 a kilomita 10, sama da kilomita 4 tsakanin Garwa da Marwa. Sai kuma ƙaramar lambar ƙarshe ta maleji, wadda mita 100 take wakilta, ƙafa 328. Motar da aka shigo da ita daga Amurka ma mil take ƙirgawa, a fara duba wannan kafin komai. Allurar gudu ita ma ba abin dogaro ba ce. Ƙa'idar da masu ƙera motocin Turai ke bi ta hana ta nuna ƙasa da gudun gaskiya, ta kuma yarda ta ɗara da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4 a awa. Baburan haya kuwa ba sai an tsawaita ba, da yawansu wayar malejin ta daɗe da tsinkewa.

Duk da haka taya tana da wata fifiko da GPS ba shi da ita: kason kuskurenta cikin 100 a tsaye yake, ba ya yawo. Abin da ke tsaye kuwa ana iya gyara shi da lissafi. A samu kwalta mai kyau, a yi tafiyar kilomita 20 da gudu madaidaici, GPS yana kan gilashin gaba yana bin sawu, a gwama. In GPS ya ce 20.0 maleji ya ce 20.4, daga yau duk abin da malejin motar nan ya nuna a ninka shi da 0.98, har ranar da aka sauya taya. Gwajin kilomita 5 bai isa ba, domin tsallen mita 100 na lambar ƙarshe shi kansa kashi 2 ne na nisan. Wannan dabara ce injiniyoyin hanya suka mayar na'ura. Suna ɗaura wa mota ma'auni na musamman mai ƙirga ƙananan gutsattsarin juyin taya, su daidaita shi a kan tazarar da aka auna da tef, masu ƙera irinsa a Amurka suna da'awar kuskuren ƙafa ɗaya a mil. Masu tseren motoci na hamada da aka sani da Dakar ma irinsa suke ɗaurawa. A 1992, shekarar da tseren ya tashi daga Faris ya ratsa Injamena da Sar da Yawunde zuwa Afirka ta Kudu, aka fara amfani da GPS a cikinsa, amma hakan bai kori ma'aunin taya daga motocinsu ba. Ƙaramin ɗan'uwansa shi ne tayar awo mai mariƙi da ake turawa da hannu, wadda ta fi komai dacewa da nisan mita 100 zuwa 500 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, daidai inda tef ya gaji GPS kuma bai fara kyau ba.

Kafin a ce wani awo ya yi ƙarya, a tambaya wane nisa aka auna. Daga Garwa zuwa Marwa a miƙe kimanin kilomita 175 ne, a titi kuma ya haura 200, duka biyun gaskiya ne. Gangare, wanda mutane ke yawan kawowa hujja, bai kai yadda ake zato ba. Hawan da ke tashi mita 10 a kowace mita 100, wanda hawa ne mai sa babbar mota nishi, mita 5 kawai yake ƙarawa a kilomita. Ko a gangaren Ngaundere, inda ƙasa ke saukowa daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai, kwanoni ne ke tsawaita hanya, ba tsayin dutsen ba.

Inda ake neman santimita, aikin ya bar hannun mai waya. Ma'aikatan safiyo suna aiki da na'ura biyu, ɗaya a kafe a wurin da aka san lambobinsa, ɗaya a kan sanda ana yawo da ita. Ta kafen tana ganin kuskuren wannan lokacin ta aika wa ta yawon gyara, su sauko santimita ɗaya zuwa biyu. A Kamaru, inda dokokin filaye na 1974 da dokar 1976 kan takardar mallaka suke aiki, rantsattsen jami'in ofishin safiyo ne ke kafa duwatsun iyaka, a gaban kwamitin da sufurefe, wato shugaban mulki na gunduma, ke jagoranta tare da mai gari da dattawa biyu. Hoton allon waya ba ya tsayawa a madadin wannan. Mai tsohuwar taswira ma ya yi hattara, an zana wasu taswirorin arewa ne a kan tsofaffin tsare-tsaren awo, har da masu sunan Garwa da Kusiri, ba a kan WGS 84 da GPS ke bi ba. Haɗa lambar tsohuwar takarda da ta waya na iya jefa mutum gonar maƙwabci. Maɓallin WAAS ko EGNOS da ke cikin Garmin kuwa, wanda ke karɓo gyaran sigina daga tauraron ɗan'adam, na Amurka da Turai ne, kunna shi a nan ba ya ƙara komai. Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, wadda Kamaru da Chadi ke cikinta, ta fara watsa siginar gwaji ta irin wannan gyara a 2020 ta tauraron NigComSat-1R na Najeriya, amma don jiragen sama aka yi ta.

Saura abu ɗaya da masu ban-ruwa ke faɗawa ciki. Mai sayen injin ruwa yana bukatar lamba biyu, tsawon bututu da tsayin da ruwan zai hau. GPS zai ba shi ta farko da kyau in nisan ya kai ɗaruruwan mitoci, ya ƙara kashi 5 cikin 100 saboda lanƙwasa da mahaɗai. Ta biyun kuwa kada ya karɓa daga gare shi. Taurari duk a sama suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashin ƙafa da zai daidaita lissafin, shi ya sa kuskuren tsayi yakan ninka na shimfiɗe sau biyu ko uku. Tudun da ya ɗara bakin kogi da ƙafa 20, waya na iya cewa ƙafa 45 ne da safe, da rana ta ce yana ƙasa da ruwan. Wannan aikin na siririn farin tiyon magina ne: a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa biyu a jikin sanduna, a auna bambancin da tef, a matsa gaba, a riƙa tara lambobin har a kai tudun.